Ɗan'uwa mai babur, kan nan naka amana ne

Jiya bayan La'asar wani matashi ya zame da babur kusa da gadar Binuwai a nan Garwa, gefen kansa ya bugi kwalta. Ya miƙe ya kakkaɓe riga, aka yi masa barka da arziki, ya hau ya tafi. Ba hular kwano, ba wanda ya ce a kai shi asibiti. Har yanzu hankalina bai kwanta ba.

'Yan'uwana, mun san abin da Allah Ya ajiye mana a cikin ƙoƙon kai kuwa? Ƙwaƙwalwa ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, amma ita ke cin kashi 20 cikin 100 na iskar da jiki ke amfani da ita. Jijiyoyi huɗu ke kai mata jini, biyu ta gaban wuya, biyu ta cikin ƙasusuwan wuya, kimanin mililita 750 kowane minti, kana barci ko kana farke. Jinin nan ya tsaya daƙiƙa goma, ka suma. Ya kai 'yan mintuna, ta fara mutuwa. Sannan Ya naɗe ta da fatu uku, Ya sa ta tana iyo cikin wani ruwa garai-garai, wajen mililita 150, mai zagayawa har lakar gadon baya, ana sabunta shi sau uku zuwa huɗu a yini. Subhanallah! Duk wannan tsaro aka yi maka kyauta, kai kuma hula ɗaya ta gagare ka?

Wai zafi. Na sani, ranar Afrilu a Garwa ba wasa ba ce. Wai tana ɓata zanna. Wai nan da kasuwa ne kawai. Wanda ya fi ƙona min rai shi ne mai cewa in kwana ya ƙare hula ba ta hanawa. Haba malam! Manzon Allah (SAW) sulke biyu ya sa ranar Uhudu, da kwalkwali a kansa ya shiga Makka ranar da aka buɗe ta. Ka fi shi tawakkali ne?

Abin da ke ban tsoro, ƙashin gefen kai, tsakanin ido da kunne, siriri ne, kuma akwai jijiyar jini a ƙarƙashinsa. In ta tsage, mutum na iya tashi ya yi hira lafiya lau, jini na taruwa a ciki. Ƙoƙon kai ba ya buɗewa, sai jinin ya matse ƙwaƙwalwa. Ciwon kai mai ƙaruwa, amai, yawan gyangyaɗi, ruɗewa, ruwa fari na fita ta hanci ko kunne: kada a jira gari ya waye, a tafi asibiti.

Kai mai ɗora yara uku a babur zuwa makaranta, ka ji tsoron Allah. Iyaye mata, kada ku bar ɗanku ya tayar da babur kai a buɗe. Don Allah ku sa hular nan, ku ɗaure igiyarta a haɓa. Ku ɗaure, don Allah.