Neman Duhu a Garin Masu Tocila

A saman kyamarar da na saya ta hannu akwai wani ɗan faifai mai haruffa da ake murzawa, kuma na daɗe ina aiki da kowane harafi ban da B, wanda nake tsallakewa cikin ladabi. Aikinsa kuwa ba shi da wuyar faɗa. Yawancin kyamarori, idan aka bar su su ƙirga lokaci da kansu, ba sa barin ƙofar haske a buɗe fiye da sakan 30, amma idan aka murza zuwa B, ƙofar tana buɗewa da zarar an danna maɓalli, ba kuma za ta rufe ba sai an ɗage yatsa, ko da za a kai asuba. Masu hoto na ƙarni na 19 da ƙwallon roba suke yin wannan aiki, su matsa shi iska ta bi ta siririn tiyo ta buɗe ƙofar, su sake shi ta rufe. Duk tsawon wannan lokaci kyamara tana karɓar haske kamar ƙwaryar da aka ajiye a ƙarƙashin indararo: duk abin da ya zubo nata ne, mai kyau da marar kyau, kuma ba ta mayar da ko ɗigo.

Abin da ya kai ni ga harafin shi ne kwaɗayin hoton sawun taurari. Duniya tana juyawa digiri 15 a kowace awa, saboda haka idan aka kafa kyamara wuri ɗaya aka bar ta a buɗe, kowane tauraro zai ja layin haske a bayansa, layukan kuma duk su lanƙwasa suna kewaya tauraron arewa, wanda da ƙyar yake gusawa daga inda yake. A sakan 30 ba a samun komai sai ɗigo-ɗigo, a minti 20 ana samun digiri 5, wanda yake son layi mai cika ido kuwa sai ya yi haƙurin minti 40 ko awa guda. Na fara gwadawa a birni da yatsana, inda na gano cewa yatsan ɗan Adam ba ya iya zama minti biyar a kan maɓalli ba tare da rawa ba, musamman idan sauro ya zaɓi bayan kunne, hasken gari kuma ya mayar mini da sararin sama ruwan ƙasa. Sai na sayi rimot mai waya wanda ake kullewa, na ɗaure ƙafa uku, wato abin da ake kafa kyamara a kai, a jaka, na jira damina ta ɗauke kafin hazo ya sauka, na duba wata ya kusa ɓata, na kama hanyar ƙauyenmu, inda na tabbata duhu ba ya yankewa.

A nan ne lissafina ya haɗu da zumunci. Bayan sallar isha'i na kafa ƙafa uku a tsakar gida, na sa ISO, wato ma'aunin ƙarfin jin hasken kyamara, a 100, na buɗe idon kyamara zuwa f/4, na kashe na'urar hana rawa domin a kan ƙafa uku ita kanta rawa take jawowa, sannan na saita nisa da hannu zuwa ƙarshe, tunda kyamara ba ta iya saita kanta a cikin duhu sai dai ta yi ta kai da komo. Neman tauraron arewa ma aiki ne, domin tsayinsa daga doron ƙasa daidai yake da nisan wurin daga layin da ya raba duniya kudu da arewa, mu kuma a ƙasar Kano muna wajen digiri 12, wato idan mutum ya miƙa hannu ya dunƙule, tauraron bai wuce dunƙulen da yawa ba. Na same shi yana leƙe ta tsakanin rumbu da katangar maƙwabta. Na kulle rimot, na zauna a kan turmi, na fara ƙirga arzikina.

Ba a yi minti goma ba sai ga haske ya fito daga ɗakin kakata, ya bi ƙasa, ya hau ƙafa uku, ya shiga idon kyamara kai tsaye ya tsaya a can.

"Maigidan, me kake yi a cikin duhu sai ka ce wanda aka yi wa yaji?"

"Hoto nake ɗauka, Kaka. Don Allah ki kashe tocilar."

"Hoto a duhu? To, ai shi ya sa na haska maka. Wannan miji nawa, boko dai bai bar maka komai ba."

Na yi mata bayani gwargwadon iko, ta saurara da kyau, ta ce ta gane, ta koma ɗaki. Na sake buɗe ƙofar haske daga farko, domin a wannan sana'a abin da ya ɓaci ba ya gyaruwa, sai dai a zubar a sake tarawa. Jim kaɗan sai ga yaro daga gidan Gwaggo da kwanon tuwo a hannu ɗaya da fitilar sola a ɗayan, da saƙon cewa an ji ina zaune a duhu, wai ko kunya ce ta hana ni tambayar fitila. Bayan shi Kawu ya shigo yana haska hanya da wayarsa, ya tsaya gaban kyamarar ya gyara hula, ya tambaya ko an ɗauka. Babu ko mutum ɗaya a cikinsu da ya zo da mugun nufi, kuma wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai, domin mai mugunta ana iya yi masa faɗa, amma wanda ya kawo maka fitila don tausayi sai dai ka yi masa godiya.

Da gida ya yi tsit, na sake kullewa, na ce yanzu kam sai ikon Allah. Ikon Allah kuwa ya zo ta inda ban zata ba, domin garin da aka kafa wa turakun lantarki aka manta da shi, a wannan daren aka ga dama aka kawo masa wuta. Yara suka ɗauki ihu daga wannan unguwa zuwa waccan, wani ƙwan fitila da maƙwabcinmu ya bari a kunne tun ran da aka ɗauke ta ƙarshe ya kama a daidai saman katanga, taku kaɗan daga tauraron arewa. Ina jin ni kaɗai ne a duk faɗin jihar nake roƙon Allah a ɗauke.

Na naɗe kayana na fita bayan gari, zuwa masussuka, inda wata tsohuwar kuka take tsaye ta arewa. Wurin ya yi yadda nake so: kukar a ƙasa, taurari fal a samanta, kaza da 'ya'yanta sun taso ta gabas, babu motsin kowa sai kukan gyare. Na saita komai, na kulle rimot, na duba agogo, na ja da baya don kada ko numfashina ya taɓa ƙafa uku. Minti goma suka wuce, ashirin suka wuce, talatin suka wuce. Har na fara tsara irin amsar tawali'un da zan riƙa bai wa masu yabo.

Ana saura kaɗan minti 40 su cika sai na hango fitilu suna tahowa ta gindin kukar, suna lilo a ƙasa, ana magana ƙasa-ƙasa. Akwai wata tsohuwar dabara ta masu hoto, cewa idan haske ya taso wa kyamara tana buɗe, sai a rufe idonta da wani abu mai duhu ba tare da an taɓa ta ba. Na cire hulata na kifa a gaban gilashin, na kuma ɗaga murya da iyakar ƙarfina na ce, "Kada ku haska!" Duk wanda ya san 'yan sintiri ya san cewa a cikin dukkan maganganun Hausa babu wadda ta fi wannan saurin jawo haske. Tociloli suka haɗu a fuskata gaba ɗaya, aka ce in ɗaga hannu, na ɗaga ɗaya, na roƙi arzikin a bar mini ɗayan ya lalubi rimot ya rufe ƙofar, kafin nan hular tana rataye a bakin gilashi.

Shugabansu wani dattijon mafarauci ne, rigarsa cike da layu, ya zagaya ƙafa uku yana dubanta sama da ƙasa.

"Samari, gonar wa kake aunawa da tsakar dare?"

"Baba, ba awo nake yi ba. Taurari nake ɗauka."

"Taurari. To, madalla. Nuna mana su."

Na danna maɓallin kallo, allon kyamara ya ƙi nuna komai sai wata 'yar alama da ke cewa tana kan aiki. Dalilin kuwa shi ne wani tsari na rage datti a hoto mai dogon lokaci. Idan kyamara ta daɗe a buɗe, cikinta yana ɗaukar zafi, zafin yana haifar da ɗigo-ɗigo ja da shuɗi a hoton, don haka da zarar an rufe sai ta ɗauki hoto na biyu ƙofarta a rufe, mai tsawon na farko daidai, ta ga inda ɗigon suke ta cire su. Ma'ana, wanda ya buɗe ta minti 40 sai ya jira wasu 40, kuma idan ya kashe ta a tsakani yana iya yin asarar aikin. Na faɗa wa dattijon cewa kyamarar tana ɗaukar hoton duhu ne domin ta goge shi daga hoton taurari. Ya dube ni na ɗan lokaci, sannan ya juya ga yaransa ya ce a ɗauko kayan a hankali, mu je wurin mai unguwa.

A zauren mai unguwa aka ajiye kyamarar a tsakiyar tabarma, muka kewaye ta muna jira. Mai unguwa ya gane ni, ya ce ashe jikan wance ne, ya tambayi mutanen birni ɗaya bayan ɗaya, sannan ya matso ya rage murya ya ce idan dai hanya ce za a fitar ta masussuka, in faɗa masa tsakani da Allah, domin gonarsa ce ta farko daga kukar kuma ya kamata a san da haka tun kafin a fara rubuta sunayen masu diyya. Na ce, "Ranka ya daɗe, wallahi babu hanya." Ya gyaɗa kai irin na wanda ya san ma'aikata ba sa faɗin sirrin aiki.

Da allon ya kawo haske, ni kaina sai da na yi hamdala. Taurari sun ja layukansu sun lanƙwasa a saman kukar yadda littafi ya ce. A ƙasan kuwa akwai wasu zaruruwan haske da suka taho daga gindin bishiyar suna murɗewa, sawun tocilolin kafin in kifa hula, amma babu ko mutum ɗaya da yake riƙe da su. A gefe guda kuma ga dattijon mafaraucin nan, wanda tocilar wani yaronsa ta faɗa a kansa na ɗan lokaci, ya fito dishi-dishi, ana ganin layun ƙirjinsa, ana kuma ganin jikin kukar ta cikin ƙirjin nasa.

Zauren ya yi shiru. Na yi sauri na fara bayani kafin a kira wani abu da ba shi ba. Na ce kyamarar da aka bari a buɗe ba ta riƙe abin da yake tafiya a cikin duhu, sai abin da ya tsaya ko abin da yake da haske, kuma tun farkon hoto haka abin yake. Na kawo musu labarin Louis Daguerre, wanda a 1838 ya ɗauki hoton wani babban titi a birnin Paris na Faransa, titi mai cike da mutane da kekunan doki, amma saboda ɗaukar ta ci mintuna sai titin ya fito wayam, ban da wani mutum da ya tsaya ana goge masa takalmi. Na ga bayanin ya fita tsaf, har na ji daɗin kaina.

Dattijon bai ji ko kalma ɗaya ba. Ya karɓi kyamarar da hannu biyu, ya kai ta kusa da idonsa, ya shafa wata laya da ke ƙasan hammatarsa, murmushi ya cika masa fuska.

"Shekara da shekaru ina faɗa wa yaran nan layar zanata tana aiki, suna yi mini dariya a bayan ido. To, ga na'urar Bature ta yi shaida."

Na ce, "Baba, ai yaran ma ba su fito ba ko kaɗan." Ya ce wannan ai albarkacin tafiya tare da shi ne.

Washegari kafin in karya kumallo mutum biyu sun zo gaishe ni da takardun gona a aljihu, Kaka kuma tana ta shelar cewa mijinta ya kwana a hannun hukuma. Da dare ya yi, mafarautan garin suka same ni a masussuka, kowa da abin da yake son a gwada masa, kuma a karon farko tun zuwana aka sami mai tsawata wa duk wanda ya kunna fitila ba da izini ba. Na ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, minti biyu-biyu, ana haska kowanne da tocila daga gefe. Waɗanda suka kasa tsayuwa, masu sosa ƙeya da masu waige-waige, duk sun fito hayaƙi-hayaƙi, suka tafi suna taƙama. Amma akwai wani mai natsuwa, wanda ya saba kwanton ɓauna, da ya tsaya cak bai ko ƙifta ba har aka rufe, ya kuwa fito sarai, ana iya ƙirga layunsa da maɓallan rigarsa. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya tambaye ni nawa ake wanke hoto babba, domin ranar kasuwa da shi zai je wurin wanda ya sayar masa da layar, kuma yana so in raka shi a matsayin shaida.