Mai tsohuwar 504, kada kwalliyar janti ta cinye maka kuɗin taya

Akwai wata al'ada da ta shigo wa samarinmu a nan Maraɗi. Yaro zai gaji Peugeot 504 ta mahaifinsa, ko ya tsinci tsohuwar Mercedes 200 a wani garaji da kuɗi kaɗan, tun bai duba birki ba, tun bai sauya man inji ba, hankalinsa ya tafi kan janti mai ƙyalli, wato ƙarfen nan da ake ɗora taya a kansa. Inci 17 yake so, irin na motocin yanzu. Ban ce son kwalliya laifi ba ne, ni ma idona na tsayawa a kan mota mai kyan ƙafa. Amma in kuɗinka a ƙirge suke, ra'ayina ka bar wa motar jantinta na ƙarfe, ka kai a miƙe shi, a kankare tsatsa, a fesa fenti, sauran kuɗin ka zuba a taya.

Mu fara da 504 ɗin, tunda ita ce tamu. Ta fito a Faransa a 1968, ta zama motar shekara a Turai a 1969, daga baya aka yi shekaru ana harhaɗa ta a Kaduna, shi ya sa ta cika ƙasar Hausa ta kowane ɓangaren iyaka. Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne ramukan notin jantinta. Huɗu ne, amma a kan da'irar milimita 140. Ɗauki tef ka auna daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar wanda ke kallonsa, za ka ga santimita 14. Peugeot da suka biyo bayanta irin 405 da 406 na kan 108, Corolla da yawa na kan 100. Yawancin jantin alminiyam mai rami huɗu da za ka gani jingine a bakin shago ɗaya daga cikin waɗannan biyun ne, ba zai shiga ba. Masu shiga kai tsaye 'yan kaɗan ne: na 505, sai na wasu tsofaffin Subaru.

A nan ake yin ɓarnar da ta sa na yi wannan rubutu. Sai a ce maka "Alhaji ba matsala, a kai wurin masu huda ƙarfe." A huda sababbin ramuka kusa da tsofaffin, ko a goge ramin a tsawaita shi har noti ya samu shiga. Jama'a, wurin nan shi ke riƙe da nauyin mota da na iyalinka. Alminiyam na zubi sau da yawa ba ya lanƙwasa ya yi maka gargaɗi, tsagewa yake yi. Ramin da aka huda da ƙiyasin ido kuma da wuya ya zauna daidai tsakiya, sai ka ji sitiyari na rawa a hannunka, notuna na sassautawa da kansu. Wasu na sa faifan ƙarfe tsakanin ƙafa da janti don sauya lissafin ramukan. Mai kyau a cikinsu yana da tsada, yana kuma tura tayar waje, ya ƙara wa boris wahala. In ka haɗa kuɗin faifai huɗu da na janti huɗu, ina arahar take?

Ko na 505 ɗin ma a yi hattara. Wasunsu an yi su ne don tayar Michelin TRX, wadda awonta milimita 390 ne, ba inci ba. Suna da kyau ƙwarai, kuma sau da yawa araha suke, don mai su ya rasa tayar da zai sa musu. Tayar inci 15 ba ta zama a kansu lafiya. Juya bayan jantin ka karanta abin da aka rubuta kafin ka taya.

Masu Mercedes 200, wadda aka yi tsakanin 1976 da 1986, sun fi samun sauƙi, don ramukanta biyar a kan 112 har yau ana yin irinsu. Sai dai ramin tsakiya nata milimita 66.6 ne, na Volkswagen da tsofaffin Audi kuwa 57.1, jantinsu ba zai hau ba ko da ramukan noti sun yi daidai. Ga kuma lambar da ke biye da haruffan ET, wadda ke nuna yadda janti ke shigewa ciki. Nata wajen 30 ne, na Mercedes ɗin da ta biyo bayanta ya kai 49, tayar sai ta matsa ciki ta soma gogar ƙarfe in ka karya kwana. Notin ma ba ɗaya ba ne: na Mercedes gindinsa zagaye ne, jantin kasuwa galibi mai tsini yake so, kuma in ya cika tsawo a baya yana taɓa kayan birkin hannu.

Sai maganar hanya, wadda ita ce ta fi ƙarfi a wurina. Tayar 504 ta asali, 175 a kan inci 14, gefenta ya kai santimita 14 na roba da iska tsakanin ƙarfe da ƙasa. Ka sa 215/45 a kan inci 17, abin da ya rage bai kai santimita 10 ba. Wannan gefen shi ke shanye rami. Motar nan ta yi suna ne da laushin tafiya a mummunar hanya, kai kuma ka biya kuɗi ka cire mata shi. In iyakarka kwaltar cikin gari ce da yamma, to. Amma wa ke da mota a Maraɗi ba a kira shi biki ko gaisuwa a ƙauyen Madarunfa, Mayahi ko Dakoro ba? A cikin rairayi direba kan rage iska don tayar ta baje, siririyar taya ba ta da abin ragewa. In jantin ƙarfe ya bugu, mai faci na bakin hanya zai daidaita bakinsa da guduma ka isa gida. Na alminiyam in ya tsage sai walda, ni kuwa ba zan ɗora yarana a kan jantin da aka yi wa walda ba.

Taya ita ce inda kuɗin ya kamata su tafi. A gefenta akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2316 na nufin mako na 23 na 2016. Kamfanin Michelin da kansa cewa yake tayar da ta kai shekara 10 a sauya ta ko da zanenta bai cinye ba, balle a garin da zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40. Tayoyin hannu da ake shigo da su da yawa zanen ne kawai ya rage musu, robar ta bushe.

In duk da haka zuciyarka ta nace sai alminiyam, tsaya a inci 14 ko 15, ka nemi na asali da aka cire daga mota 'yar gidansu, ya fi sabon kwaikwayo marar suna. In har Ƙofar Ruwa ta Kano za ka, can rim suke ce masa, ka tafi da tsohon jantinka guda a but. A wanke wanda za ka saya, ka duba bayansa da kewayen ramuka ko akwai tsaga ko tabon walda, a ɗora shi a na'urar daidaita taya ka ga ko yana layi. Ka gwada shi a ƙafar gaba, ka juya sitiyari har ƙarshe dama da hagu, sannan ka biya.

Tsofaffin huɗun nan kuma kada ka sayar wa 'yan gwangwan. Ajiye su a ɗaki tare da murafunsu masu tambarin zaki, don ranar da za ka sayar da motar, mai sayen da ya san 504 su zai fara tambaya.