Ken Griffey Jr. bai taɓa ɗaga kofi ba, to me ya hana Seattle mantawa da shi?

Duk wanda ya saba zama gidan kallon ƙwallo ko teburin mai shayi ya san yanda musu ke ƙarewa a wajenmu, in an ja an ja sai wani ya ɗaga murya ya ce "to kofi nawa ya ci?" shi ke nan an kashe bakin kowa. Ban ce tambayar ba ta da amfani ba. Amma akwai wani mutum a Amurka da labarinsa ya sa na daina ɗaukar ta a matsayin alƙalin ƙarshe, sunansa Ken Griffey Jr., ɗan wasan besbol ne da ya ajiye wasa tun 2010, ya yi kaka 22 a babbar gasar ƙasar bai taɓa cin kofin World Series, wato kofin zakarun gasar, ba, kai ko buga wasan ƙarshen ma bai taɓa yi ba ko sau ɗaya. Duk da haka da aka zo zaɓen shiga zauren gwarazan wasan da ke garin Cooperstown a 2016, cikin marubuta wasanni 440 da suka kaɗa ƙuri'a 437 shi suka zaɓa, kashi 99.3 cikin ɗari ke nan, kuma kafin shi ba wanda ya taɓa samun haka, har manyan gwarazan wasan irin su Babe Ruth da Hank Aaron.

Na san besbol ba wasanmu ba ne, to ga yanda yake a gurguje. Mutum ɗaya ke jefo ƙwallo da ƙarfin gaske, wani na tsaye da kulki yana jiran ya make ta, in ya same ta sai ya kwasa a guje ya bi tashoshi uku ya dawo gida, dawowar nan ita ce maki. In kuwa ya make ta ta tsallake katangar fili ta faɗa cikin ƴan kallo, wannan shi suke kira hom-ron, sai ya zagaya a tsanake ba mai tare shi. Griffey ya buga irin wannan guda 630, shi ne na 7 a tarihi. In ƙungiyarsa ce ke tsaro kuma yana can tsakiyar bayan fili yana bin ƙwallo yana cafkewa kafin ta taɓa ƙasa, a wannan aikin ya karɓi kyautar safar hannun zinare shekara 10 a jere, daga 1990 zuwa 1999.

To amma in ka shiga YouTube ka karanta abin da mutanen da suka taso a shekarun 1990 ke rubutawa a ƙarƙashin bidiyoyinsa, da wuya ka ga suna lissafa lambobin nan. Abin da suke tunawa daban ne. Yanda yake wurga kulkin, a sanyaye kamar ba ƙarfi yake sawa ba, ya sake shi da hannu ɗaya ya ɗan tsaya yana kallon ƙwallon tana tafiya. Yanda suke kwaikwayonsa a bayan gida suna yara, har na-dama ma sai ya koma bugu da hagu don dai ya yi kama da shi. Da hular nan da yake juya bakinta baya.

Hular ma tana da labari. Babansa Ken Griffey babba ɗan wasa ne a ƙungiyar Cincinnati Reds da ta ci kofi a 1975 da 1976, yaron ya taso yana shiga ɗakin ƴan wasa yana ɗaukar hular baban ya saka, ta yi masa girma tana rufe masa ido, sai ya juya ta baya, haka ta zame masa jiki. Da ya girma ya ci gaba da yi lokacin atisaye, wasu dattawan wasan suka ce rashin ladabi ne, kocin ƙungiyar New York Yankees na lokacin Buck Showalter ma ya fito a 1994 ya soki abin. Su a ganinsu raini ne ga wasan, shi kuwa hular babansa yake tunawa.

Maganar uban nan ita ta fi taɓa ni. Ƙungiyar Mariners ta garin Seattle ta ɗauke shi a matsayin zaɓi na farko cikin sababbin ƴan wasa a 1987, ya fara buga babbar gasa a watan Afrilun 1989 yana shekara 19. A 1990 sai uban, yana shekara 40 wasa ya kusa ƙare masa, ya koma ƙungiyar ɗansa, ran 31 ga Agusta suka fito fili tare a ƙungiya ɗaya, abin da ba a taɓa gani ba a gasar. Bayan sati biyu, ran 14 ga Satumba a garin Anaheim, uban ya shiga ya make ƙwallo ta tsallake katanga, ya zagayo ya tarar da ɗan a bakin gida yana jiran nasa layin, ɗan ya shiga shi ma ya aika tasa kusan wajen da ta uban ta faɗa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma a ce barewar da ɗan sun yi gudun tare a fili ɗaya a dare ɗaya, ɗaya na bin ɗaya, wannan wane kofi ne zai ba ka shi? Ka tuna fa sama da shekara biyu da rabi kafin daren nan, a Janairun 1988, yaron nan ya taɓa yunƙurin kashe kansa yana shekara 18, sabida matsi da saɓanin da ke tsakaninsa da uban, shi da bakinsa ya faɗa wa jarida a 1992 don matasa masu irin damuwar su ji su nemi taimako. Murmushin da ake yabo ba a banza ya same shi ba, kuma tunda na san wannan nake kallon bidiyon Anaheim da wani ido daban.

Sai 1995, shekarar da mutanen Seattle ke cewa ita ta hana a ɗauke musu ƙungiya. An kafa Mariners tun 1977 amma ba ta taɓa kaiwa zagayen sili-ɗaya-ƙwale ba, filinsu Kingdome ya tsufa, masu ƙungiyar na barazanar sayarwa, a watan Satumba aka yi ƙuri'ar jama'a kan harajin gina sabon fili ta faɗi da ƙyar. Shi Griffey tun watan Mayu ya karya wuyan hannu, ya bi wata ƙwallo a guje ya yi tsalle ya cafke ta ya haɗu da katanga, ƙwallon bai sake ta ba amma ƙashi ya tafi, wasa 73 ya yi a zaune. Ya dawo a Agusta ƙungiyar ta taso daga can baya ta kamo California Angels ta shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale, suka haɗu da New York Yankees, aka cinye su wasa biyun farko, suka rama biyu, aka zo na biyar na raba gardama ran 8 ga Oktoba. An shiga ƙarin lokaci, zagaye na 11, Yankees na gaba 5 da 4. Joey Cora na Mariners yana tasha ta uku, Griffey na ta farko, abokin wasansu Edgar Martinez ya make ƙwallo ta bi gefen hagu. Cora ya shigo an yi kunnen doki. Kowa ya ɗauka Griffey zai tsaya a ta uku, ina, mutumin nan ya ci kwana ta biyu ya ci ta uku ko waiwaye babu, ƙafa 270 a guje, ya zame a ƙasa ya taɓa gida kafin ƙwallon ta iso. Ƴan ƙungiyar suka zubo masa a ka, hoton da ya rage shi ne kansa ya leƙo daga ƙarƙashin tulin mutane yana dariya kamar yaron da aka saya wa keke. Ba a fi ƴan kwanaki ba majalisar jihar Washington, inda Seattle take, ta amince da wata hanyar samo kuɗin, sabon filin aka buɗe a 1999. A zagaye na gaba Cleveland ta fitar da su, kofi bai zo ba, amma ƙungiya ta zauna a garin.

Mai cewa kofi ne ma'auni ya kamata ya duba yanda wasan yake. Mutum tara ne ke layin bugu, komai gwanintarka sau huɗu ko biyar layi zai zo kanka a wasa, ba ka da ikon cewa a ba ni ƙwallo kamar yanda ɗan gaba ke yi a tamaula, kuma in masu jifan ƙungiyarku ba su da kyau kana can bayan fili kana kallo ana zuba muku. A wasa biyar ɗin nan da Yankees hom-ron biyar ya buga. A 1997 ya buga 56, aka ba shi gwarzon shekara ba hamayya, ƙungiyar ta kafa tarihi da hom-ron 264, duk da haka Baltimore ta yi waje da su a zagayen farko, kuma gaskiya shi ma a wannan karon bai taɓuka komai ba. Bayan ya tafi, a 2001 Mariners ta ci wasa 116 cikin 162, ita ma ba ta kai World Series ba. Kofi rabo ne na taro. Mu ma ai mun san haka, Jay-Jay Okocha bai taɓa cin kyautar gwarzon Afirka ta CAF ba, wa ya manta da shi?

Akwai kuma abin da ya ƙara masa daraja a idon mutane daga baya, wanda a lokacin ba a gane ba. A 1998 ya sake buga 56 amma ba shi ake magana ba, Mark McGwire ya buga 70, Sammy Sosa 66, bayan shekara uku Barry Bonds ya buga 73. Sai asiri ya fara tonuwa kan ƙwayoyin ƙara kuzari, rahoton Sanata George Mitchell ya fito a Disambar 2007 da sunayen ƴan wasa da dama, McGwire ya fito a 2010 ya amsa da bakinsa. Sunan Griffey bai fito a rahoton ba, ba a kuma taɓa kama shi ba. Ba wanda zai dafa littafi ya rantse a kan abin da wani ya yi a ɓoye, musamman da yake ba a fara gwaji mai hukunci ba sai 2004, amma jikinsa ya ba da shaida irin wadda ake iya gani da ido. Wasu na kumbura suna ƙara ƙarfi bayan shekara 35, shi yana shiga 30 jiki ya fara karɓar bashinsa. Ya koma Cincinnati a 2000 da hom-ron 398 a hannu, kowa na cewa shi zai karya tarihin Hank Aaron na 755, sai ciwo ya sa shi gaba, gwiwa, kafaɗa, idon sawu, a 2002 wasa 70 ya buga, 2003 wasa 53, 2004 wasa 83, a shekarar ne naman bayan cinyarsa ya ɓalle daga ƙashi sai da likitoci suka ɗaure shi da kusoshi uku. Ya tsufa yanda ɗan Adam ke tsufa. Bonds yana da 762 amma marubutan nan sun shekara goma suna hana shi shiga zauren da suka buɗe wa Griffey a karon farko.

Ba waliyyi nake son in mai da shi ba. Shi ya nemi a sayar da shi daga Seattle, ya ce yana son kusa da iyalinsa da ke Florida, dalili ne mai kyau amma ya ƙona ran mutane da yawa, kuma a Cincinnati garin da ya taso an sha yi masa ihu sabida kwantiragin shekara tara na sama da dala miliyan 116 da rabinsa ya tafi a jinya. Tafiyarsa ta ƙarshe ma ba ta yi kyau ba. Ya dawo Seattle a 2009, a wasan ƙarshe na kakar abokan wasa suka ɗauke shi a kafaɗa suka zagaya fili, da nan ya tsaya da ya fi. Ya ƙara shekara, 2010 ko hom-ron ɗaya babu, aka ajiye shi a benci, jarida ta rubuta cewa an same shi yana barci a ɗakin ƴan wasa ana cikin wasa, ran 2 ga Yuni sai kawai ya shiga mota ya kama hanyar Florida, sanarwa ce ta biyo baya a takarda. Mutanen da suka so shi shekara ashirin sun cancanci ya tsaya ya ɗaga musu hannu, a nan kam bai kyauta ba.

Amma ka ga abin da suka yi da wannan ɓacin ran. Tun a 2007 da ya zo Seattle sanye da rigar Cincinnati fili ya cika aka miƙe ana tafa masa har sai da muryarsa ta yi rawa. A 2016 suka jingine lambarsa 24 ba mai sake sakawa, a 2017 suka kafa mutum-mutuminsa a ƙofar filin, a tsaye da kulki yanda yake ƙare bugu. Baƙaƙen fatar Amurka kuma suna riƙe da wani abu nasa daban, shi ne ya nemi izini a 1997 ya saka lamba 42 don girmama Jackie Robinson, baƙar fata na farko da ya karya shingen wariya a gasar a 1947, ya sake nema a 2007, daga nan abin ya bazu har ya zama duk ran 15 ga Afrilu kowane ɗan wasa lamba 42 yake sakawa.

Ranar da aka shigar da shi zauren a watan Yulin 2016 ya yi jawabi yana share hawaye, uban na zaune cikin jama'a yana kallo, da ya zo ƙarshe sai ya sunkuya ya ɗauko hula ya ɗora a ka bakinta na kallon baya, da kwat ɗinsa da komai. Yanzu in ka neme shi sai dai a gefen fili rataye da kyamara, ɗaukar hoto ya koma yi gadan-gadan, a Afrilun 2025 ma yana cikin masu hoton gasar golf ta Masters a Augusta, a durƙushe cikin ƴan jarida yana ɗaukar Rory McIlroy ranar da ya ci gasar.