Ga ruwa har ya yi yawa, ina alwalar?

Ƴan uwa, ruwan farko ya sauka, hotunan wuraren da ruwa ke faɗowa daga kan dutse, wato Farin Ruwa na Wamba da Gurara, sun cika Facebook. Madalla. Amma ku duba kayan da ake ɗauka: ga kular shinkafa, ga sifika, ga cajar waya, babu mai sallaya ko ɗaya. Mutum ya tsaya gaban Farin Ruwa da ke zubowa daga tsayin kusan mita 150, yana ta kabbara a bidiyo, Azahar ta wuce shi, La'asar ta bi bayanta. Haba jama'a!

Yawanci rashin shiri ne ke jawo haka. A bar gida ƙarfe tara, a isa inda mota ke tsayawa rana ta take, sannan a shiga daji da ƙafa. Ana isa kowa ya jiƙe sharkaf, rugugin ruwa ya danne kiran sallar waya, sai ka ji "bari mu koma mota tukuna". Kafin a koma, rana ta yi ja.

Ku fita da an idar da Asuba. Kowa ya riƙe ruwan sha lita biyu, takalmi mai kama ƙasa (silifa kayar da mutum take yi), da busassun kaya ƙulle a leda. Ƴar uwa, saka hijabi na biyu a ledar nan, jiƙaƙƙe manne wa jiki yake yi. A duba alƙibla tun kafin sabis ya ɗauke: gabas ce mai karkata arewa.

Wajen alwala kuma, kada ka tsuguna kan dutse mai gansakuka, santsinsa ya fi na sabulu. Ɗebi ruwa a gora ka koma kan busasshen wuri. In ka ga ruwan ya fara yin ja yana kwaso ganye da ƙirare, an yi ruwa a sama ke nan, ku hau tudu nan take, ko da rana ake ƙwallewa inda kuke.

Wanda tafiyarsa ta kai kilomita 80 ma an sauƙaƙa masa, ƙasaru zai yi. Raka'a biyu, ɗan uwa! Minti nawa ne? Ka yi awa guda kana neman inda hoto zai fi kyau.

Ku naɗa mutum ɗaya mai duba agogo tun daga cikin mota. Lokaci na yi ya kashe sifikar, ya yi kiran salla. Don Allah, kashe sifikar nan.