Tiyar da muka auna Faransa da ita, ita za mu auna sababbin abokai

Ranar 30 ga Yulin 2023, kwana huɗu bayan juyin mulkin da ya kawar da Mohamed Bazoum, shugabannin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma (ECOWAS), suka zauna a Abuja suka ƙaƙaba wa Nijar takunkumi. Aka rufe iyaka, aka tsayar da hada-hadar kuɗi, Najeriya ta yanke wutar lantarki, alhali a lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da muke amfani da ita daga can take zuwa. Sun ce suna kare dimokuraɗiyya ne. Amma duk wanda ya zauna a Damagaram a watannin nan ya san wa hukuncin ya faɗa wa: mai walda a Zengu da ya wuni zaune babu kuran, ɗan kasuwar Dole da kayansa suka maƙale a bayan Ɗan Barto, da tsohuwar Magarya da jikokinta ke Daura amma ta rasa hanyar zuwa suna. Ba a ɗage takunkumin ba sai 24 ga Fabrairun 2024, kuma bai mayar da kowa kan kujera ba.

Ba rufe iyakar kaɗai ya ƙona wa mutane rai ba. Abin da ya fi ciwo shi ne auna da tiya biyu, irin ta ɗan kasuwar da ke saye da babba ya sayar da ƙarama, wanda Alƙur'ani ya yi wa gargaɗi a Suratul Muɗaffifin. A 2020 Alpha Condé a Gini da Alassane Ouattara a Kodebuwa suka zarce zuwa wa'adi na uku, CEDEAO ba ta rufe wa kowa iyaka ba. A Afrilun 2021 da Idriss Déby ya rasu, sojoji suka naɗa ɗansa Mahamat ba tare da bin tsarin mulki ba, shugaban Faransa Emmanuel Macron ya je jana'izar a Njamena ya zauna kusa da shi. Bayan shekara biyu, Faransar nan ce ke ce mana mulkin soja ba abin karɓa ba ne. Ga kuma Libiya: a 2011 NATO ta shiga da sunan kare fararen hula, ta tafi ta bar mana makamai suna yawo a Sahel har yau. Wanda ya ga wannan duka, ba a yi masa adalci ba in an ce fushinsa hurewar kunne ce daga Rasha.

To, mun yi abin da za mu yi. Sojojin Faransa sun fice a Disambar 2023, na Amurka sun bar sansaninsu na Agadas a Agustan 2024. Mun kafa AES, ƙawancen ƙasashen Sahel, tare da Mali da Burkina Faso, mun fita daga CEDEAO a Janairun 2025, an ƙwace mahaƙar uranium ta Imouraren daga hannun kamfanin Orano na Faransa, an mayar da kamfanin haƙar uranium na Somaïr mallakin ƙasa. Ina cikin masu ganin cewa ƙasar da aka shekara fiye da 50 ana haƙar uranium ɗinta, amma yawancin ƙauyukanta na kwana cikin duhu, tana da haƙƙin ta sake zama teburin ciniki.

Damuwata tana ga abin da ya biyo baya. Na lura, a fada da majalisun shayi, duk wanda ya tambayi sharuɗɗan da aka ƙulla da Rasha ko Turkiyya ko Sin, sai a dube shi kamar maƙiyin diyaucin ƙasa. Wannan kuskure ne babba. Babu ƙasar da ke zuwa nan don Allah da Annabi, kowa da abin da ya kawo shi. Mu a nan ba sai an ba mu labari ba, matatar mai ta SORAZ tana kan hanyar Tanut tun 2011, kamfanin CNPC na Sin ke da kashi 60, Nijar kashi 40. A Maris 2025 hukumomin Yamai da kansu suka sallami manyan jami'an kamfanonin man Sin uku, kuma cikin dalilan da aka bayar har da tazarar albashi tsakanin ma'aikatanmu da baƙi. Ke nan abokin da bai taɓa yi mana mulkin mallaka ba shi ma yana iya tauye mu in ba a sa ido ba.

Haka batun rayuka. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya kan Moura a Mali ya ce an kashe aƙalla mutum 500 a Maris 2022, a hannun sojojin ƙasar da baƙin mayaƙa. Mu da har yanzu muke ambaton ɓarnar da hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine suka yi a 1899 da faɗan Tirmini tsakanin Damagarawa da Faransawa, bai dace mu yi shiru ba don kawai wanda ake zargi yanzu abokinmu ne. Jinin makiyayin Moura bai fi na kakanninmu araha ba.

Kuma tiyar ta hau kanmu. Bayan CEDEAO ta ɗage takunkumi, Nijar ce ta ci gaba da rufe gadar Gaya da Malanville ta kan iyakar Benin, bisa dalilin tsaro. Dalilin na iya zama gaskiya, amma kaya suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso da rakiyar sojoji, kuɗin mota ya ƙaru, kuma mai sayen shinkafa a kasuwar Dole shi ya biya. In mun yarda zalunci ne a hukunta talaka saboda rigimar shugabanni lokacin da Abuja ta yi, to ya kamata gwamnatinmu ta fito ta faɗa wa 'yan kasuwa abin da take nema daga Kwatano kafin ta buɗe gadar, ta kuma wallafa yarjejeniyoyin mai da na uranium da ta sa wa hannu tun 2023, domin malaman Jami'ar André Salifou da ƙungiyoyin farar hula su karanta su yi mana bayani da Hausa a rediyo.