La'adar Dillalin Sarki

Bazazzagi ya ture kofin shayi, ya gyara zaman tabarau. Tabaran nan ba na magani ba ne, amma kada ka faɗa masa.

"Richard na Uku," in ji shi. "Wasan Shakespeare, an fara buga shi a 1597. Mai son sanin yadda ake hawa gadon da ba naka ba, nan zai ɗauki karatu."

"Nawa ya kashe?" in ji Bakano.

"Mutane?"

"Kuɗi."

"Alhaji, saurara mana. Gabansa akwai wansa Sarki Edward na Ingila, da 'ya'yan sarkin maza biyu, da wani wan nasa, Clarence. Da fari bai zare takobi ba. Sai ya sa aka raɗa wa sarki cewa mai harafin G a farkon suna zai hallaka magadansa. Sunan yankan Clarence George ne, aka jefa shi kurkukun Hasumiyar Landan. Shi kuwa Richard sarautar Gloucester yake riƙe da ita, ita ma G ce, amma ba wanda ya waiwaye shi."

"Aikin boka ke nan. Boka kuwa ba ya duba kyauta."

"Kafin afuwar sarki ta isa, 'yan ina-da-kisa biyu sun riga ta. Suka soke shi, suka dulmiya shi a gangar giya."

"A'uzu billahi! Ga haram, ga asarar kaya. Garin ba rijiya?"

Bazazzagi ya yi kamar bai ji ba. Haka yake yi duk lokacin da ba shi da amsa.

"Sarki ya rasu a 1483, Richard ya zama mariƙin yaran. Akwai wani basarake Hastings da ya ƙi goyon bayansa. Ana zaman majalisa, Richard ya shigo yana fara'a, har da roƙon Bishop na Ely ya aika a tsinko masa 'ya'yan sitiroberi daga lambunsa. Ya fita, ya dawo fuska murtuke, ya zare hannunsa shanyayye, wai sammu aka yi masa. Hastings ya buɗe baki ya ce, 'Idan har sun aikata...' Kan wannan 'idan' ɗin aka sare masa kai, don Richard ya rantse ba zai ci abincin rana ba sai ya ga kan. Magatakardan da ya kwafi takardar tuhumar ya ce awa 11 ya yi yana rubutu, alhali awa 5 da suka wuce mutumin yana yawonsa ba wanda ya zarge shi."

"An yanka rasit kafin a yi ciniki."

"Kamar sakamakon zaɓen ƙaramar hukuma," in ji mai shayi, yana fifita wuta, ba tare da ya ɗago ba.

"Sai ya tura Buckingham ya yi wa mutanen Landan jawabi."

"Wane ne shi?"

"Babban na hannun damansa."

"Dillali dai. Ci gaba."

"Ya gama zuba, jama'a tsit. Sai wasu yaransa kamar goma a can baya suka jefa huluna sama suna kirari. Ya ce to, jama'a ta amince."

"Goma kacal? Ba a ba da kuɗin mota ba, shi ya sa."

"Daga nan aka kawo magajin gari. Richard ya fito tsakanin limaman coci biyu, littafin addu'a a hannu. Aka ce karɓi sarauta, ya ce shi ibada ce a gabansa. Aka juya za a tafi, ya ce a kira su, tunda sun matsa masa."

"Allah sarki. Na unguwarmu ma jama'a ce ke matsa masa, yau karo na huɗu. To me aka yanka wa dillalin?"

"Gundumar Hereford, da kayan da ke cikinta. Amma da Richard ya nemi a kashe yaran nan biyu, Buckingham ya ce a ba shi lokaci ya yi tunani. Richard ya ɗauko wani Tyrrel ya ba shi aikin. Da Buckingham ya zo tuna alkawari, sai sarki ya shiga tambayar ƙarfe nawa, ya ce yau ba ya jin kyauta."

Bakano ya doki benci har shayin wani bawan Allah ya zube.

"Shi ke nan! Ya hana dillali la'ada. Rufe littafin, Malam."

"Ba nan gizo ke saƙa ba. Jinin yaran ne ya juya masa zukatan..."

"La'ada."

"Ai Buckingham ya yi tawaye, ambaliya ta watsa rundunarsa, aka kama shi aka kashe."

"Sauran dillalai sun gani ai. Wa zai sake ba shi kaya bashi?"

"Daren yaƙin Bosworth fatalwowi 11 suka zo masa a mafarki suna tsine masa."

"Har da dillalin?"

Bazazzagi ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. "Shi ne na ƙarshe."

"Ka gani? Bin bashi ya zo."

"Ya ma riƙe ɗan wani basarake Stanley, don uban ya kawo masa dakaru. Uban ya ƙi."

"Jingina ba ta hana cin amana. Ƙarshensa fa?"

"A 1485, a fagen fama, aka kashe dokinsa. Yana tafe a ƙasa yana ihu a ba shi doki, ya ba da mulkinsa."

Bakano ya riƙe haɓa. An daɗe ba a ga abin da ya girgiza shi haka ba, ko ranar da aka ƙara kuɗin haya.

"Ƙasa guda sukutum? Mutumin da ya ƙi sakin gunduma ɗaya? Ko a kara ta Wudil ban taɓa jin irin wannan faɗuwa ba. Ingarma ne ko ƙuru?"

"Ba a ambata ba."

"Da sirdi ko tsirara?"

"Alhaji, ba wanda ya kawo dokin! Richmond, jagoran abokan gabarsa, ya kashe shi, ya hau gado."

"Tayi irin wannan, kuma ba Bakano ko ɗaya a wurin. Kaico."

Mai shayi ya miƙo hannu. "Alhaji, kofi uku, ƙwai huɗu, ga na jiya."

Bakano ya dubi sama, ya dubi Bazazzagi.

"Malam, ƙarfe nawa yanzu?"