Yaro Yana Nuna Sheƙa, Uba Yana Kallon Waya

Ranar Asabar da ta wuce na zauna a gindin wata bishiya a bayan gari, kusa da wani magidanci da ya fito da iyalinsa shan iska. Ɗansa, wanda ba zai wuce shekara 7 ba, ya hango sheƙa a kan reshe, ya zo a guje yana jan hannun rigar mahaifinsa yana cewa, "Baba, zo ka gani, tsuntsuwa tana ba 'ya'yanta abinci!" Mahaifin bai ɗago kai ba, ya ce, "To, na gani," alhali idonsa yana kan waya. Da yaron ya matsa masa, sai ya karɓi wayar matarsa ya miƙa masa don ya yi shiru, kuma ya yi shirun.

'Yan'uwana iyaye matasa, wannan miƙa wayar ita ce take ci mini rai. Mun mayar da ita abin toshe bakin yaro: ya yi kuka a ba shi, ya yi tambaya a ba shi, sannan gobe mu zauna muna ƙorafi wai yaran zamani ba sa jin magana kuma ba su shaƙu da mu ba. Ta yaya za su shaƙu da wanda ba ya ɗaga kai ya dube su? Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Tun a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba a gaban waya ko talabijin, mai shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. A Taiwan, da matsalar rashin gani daga nesa ta yawaita a tsakanin ɗalibai, a 2010 aka fara ƙarfafa makarantu su riƙa fitar da yara waje na minti 120 kullum, saboda hasken rana yana taimaka wa idon da yake girma. Mu kuwa ga ranar kyauta, amma mun zaɓi hasken gilashi.

Kuma abin da za a koya wa yaro a fili bai fi ƙarfin kowa ba. Ka kafa sanda a ƙasa, ka sa ɗanka ya ajiye tsakuwa a ƙarshen inuwarta, ku jira kamar minti 15, ya sake ajiye wata a inda inuwar ta koma. Tsakuwar farko tana wajen yamma, ta biyu tana wajen gabas. A cikin wannan jiran za ka ji daga bakinsa abin da ba zai taɓa faɗa maka a ɗaki ba, domin yaro ya fi sakin baki idan hannunsa da naka suna aiki ɗaya. Haka hura wuta, a fara da busasshiyar ciyawa da ƙirare kafin a ɗora manyan itace, haka ƙulla igiyar da ba za ta zame ba. Baden-Powell, wani hafsan sojan Birtaniya, da yara 20 kawai ya yi zango a tsibirin Brownsea na Ingila a 1907, irin waɗannan abubuwan ya koya musu, kuma daga nan ƙungiyar Sikawut ta bazu a duniya. Kai da kake da uku ko huɗu a gida, me ya gagare ka?

Ba na maganar masu fita don ɗaukar hoto, a jera yara a ce su yi murmushi, a ɗora a Facebook, kowa ya koma kan wayarsa. Wannan riya ce, kuma yaran sun sani.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ina tsoron mu kanmu mun bushe. Iyayenmu suna duban hadari su faɗi ko zai zubar da ruwa, suna bambance sawun dabbobi a kan rairayi, suna nuna mana Zara kusa da wata da Kaza da 'Ya'yanta ba tare da sun buɗe littafi ba. Mun karɓi wannan ilimi a hannunsu muna tafe a bayansu, ga shi yana neman ƙarewa a kanmu, don yawancinmu ba za mu iya kiran sunan bishiyoyi biyar da muke wucewa kullum ba.

Har na tashi daga wurin, tsuntsuwar tana ta kai da komo da abinci a baki, su huɗu suna zaune a ƙarƙashinta, babu wanda ya sake ɗaga kai.